Lafawar sanyi a farkon hunturu a filayen arewacin Amurka

Lafawar sanyi a farkon hunturu yanayi ne da ake samu jefi-jefi a filayen arewacin Amurka, wato jihohin Dakota ta Arewa da Dakota ta Kudu, gabashin Montana, yammacin Minnesota, har a tsallaka Kanada wajen Alberta da Saskatchewan da Manitoba. Yankin nan shimfiɗe yake kamar faifai, ba wani dutse daga arewa da zai tare iskar da ke gangarowa daga ƙarshen duniya na arewa, shi ya sa a al'ada kafin Disamba ya kama tafkuna sun daskare, dusar ƙanƙara ta rufe gonaki, awon zafi ya sauka ƙasa da sifili ya yi zamansa. To amma wasu shekarun sai abin ya ƙi zuwa, a shiga Disamba ƙasa na nan tsirara ba ƙanƙara, mutane na yawo da 'yar riga mara nauyi, wani lokaci ma ruwan sama ne ke sauka maimakon dusa.

Me ke jawo shi

Babban dalili shi ne El Niño, wato ɗumamar ruwan tekun Pasifik a daidai tsakiyar duniya. In ya zo da ƙarfi yakan tura wannan zirin iska mai gudu da ke can sama, wanda ke raba iskar sanyi da ta ɗumi, ya koma arewa, sai sanyin ya maƙale can cikin Kanada iskar teku mai laushi kuma ta mamaye filayen. Haka aka gani a 1997 da 2015 da kuma 2023. Sannan rashin dusar kanta na ƙara abin, dan farar ƙanƙara tana mayar da hasken rana sama ne, ita kuwa baƙar ƙasa shanye zafin take yi. Ga kuma ɗumamar yanayi da ta sa hunturun yankin gaba ɗaya ya rage kaifi, musamman da dare.

Sai iskar Chinook, wadda ita ce ta fi ban mamaki a duk maganar. Iska ce da ke tasowa daga Pasifik ɗauke da danshi, ta hau duwatsun Rocky ta zubar da ruwanta a can, sannan ta gangaro ta gabas a bushe, kuma duk mita 1,000 da ta sauko zafinta na ƙaruwa da wajen digiri 10 a ma'aunin Salshiyas. Mutanen wurin suna mata laƙabi da mai cin ƙanƙara, saboda cikin yini ɗaya tana iya lashe dusar da ta taru. A garin Spearfish na Dakota ta Kudu, ranar 22 ga Janairu 1943 da safe, awo ya tashi daga digiri 20 ƙasa da sifili zuwa digiri 7 sama da sifili cikin minti biyu kacal, ba a jima ba kuma ya sake rikitowa, har gilasan tagogi suka tsattsage. A Loma ta Montana kuwa a Janairun 1972 ya tashi daga kusan 48 ƙasa da sifili zuwa 9 cikin awa 24.

Disambar 2023

Wannan misali ne na kusa-kusa. Tunda aka fara ajiye lissafi ba a taɓa ganin Disamba mai ɗumi irinsa a Minnesota ba, a birnin Minneapolis ya karya tarihin da aka kafa tun 1877, hunturun da ake kira shekarar da ba hunturu. Ranar jajiberin Kirsimeti awo ya kai wajen digiri 13, a garin da suka saba bikin cikin farar dusa. A Dakota ta Arewa kuma, kwanakin Kirsimetin ruwan sama ne ya sauka yana daskarewa a kan wayoyi, turakun lantarki suka karye, dubban gidaje suka zauna ba wuta.

Wa ya ci riba, wa ya yi asara

Makiyaya dai suna jin daɗinsa sosai, shanu na ci gaba da kiwo a fili, ba sai an buɗe tarin ciyawar da aka adana ba, kuɗin ɗumama gida ya ragu, hanyoyi a buɗe. Amma manomin alkama hankalinsa ba ya kwanciya. Alkamar da ake shukawa da kaka dusar ƙanƙara ce bargonta, in babu ita sanyi ya dawo kwatsam to saiwar na iya mutuwa, kuma ita dusar nan ce ke narkewa ta jiƙa ƙasa da bazara. Busasshiyar ciyawa ga iska kuma, gobarar daji ba ta da wuya.

Waɗanda abin ya fi taɓawa su ne masu cin abinci da ƙanƙara, masu hayar rumfunan kamun kifi a kan daskararren tafki, masu otal, masu wasannin zamiya. Hukumomin Minnesota na cewa sai kaurin ƙanƙara ya kai inci 4 kafin mutum ya taka da ƙafa, amma gaskiya mutane ba sa iya haƙuri. Ranar 29 ga Disamba 2023 sai da aka ceto masunta 122 a tafkin Upper Red bayan ƙanƙarar da suke kai ta ɓalle daga gaɓa. Tseren karnuka masu jan keken dusa na John Beargrease ma soke shi aka yi a 2024.

Kuma laushin farko ba ya nufin sanyi ya tafi kenan, tsakiyar Janairun 2024 ya dawo da ƙarfinsa, a sassan Montana da Alberta awo ya wuce 40 ƙasa da sifili. Tsofaffin yankin suna da dalilin rashin yarda da rana mai daɗi a hunturu. Ranar 12 ga Janairu 1888 gari ya waye da ɗumi bayan kwanaki ana ɗari, yara da yawa suka tafi makaranta ba manyan riguna, da rana guguwar dusa ta rufe Dakota da Nebraska, mutum wajen 235 suka rasu, da dama daga cikinsu 'yan makaranta ne da suka ɓata a hanyar komawa gida.