Mece Ce Tawagar Ƙwararru a Harkar Takunkumi?

Duk lokacin da Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙaƙaba takunkumi, ko na hana sayar da makamai, ko na hana tafiya, ko na rufe asusu, yakan kafa ƙaramin kwamiti mai kula da shi. Sai dai jakadun da ke cikin wannan kwamitin suna zaune ne a New York, ba su ganin jirgin da ya sauke harsasai cikin dare. Masu gano musu wannan su ne tawagar ƙwararru, galibi mutum biyar ko shida, kowa da fanninsa: makamai, ƙungiyoyin 'yan bindiga, harkar kuɗi, ma'adinai, dokokin jin ƙai. Al'adar ta samo tushe daga takunkumin 'yan tawayen UNITA a Angola, inda rahoton shekarar 2000 ya kama sunan shugabannin ƙasashe da ke taimaka wa cinikin lu'ulu'u da makamai.

Aikin na bin diddigi ne. Ƙwararre zai ɗauki hoton lambar da ke jikin bindiga, ya rubuta wa ƙasar da ta ƙera ta, ya tambayi wa aka sayar wa, har ya gano inda ta karkace. Akwai haɗari kuma: a Maris 2017 aka kashe wasu 'yan tawagar biyu, Michael Sharp da Zaida Catalán, a yankin Kasai na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango suna bakin aiki.

Yawancin tawagogin nan Afirka suke bincika, irin su Kwango, Sudan, Sudan ta Kudu, Libiya, Afirka ta Tsakiya da Somaliya, amma an daɗe ana ƙorafin cewa 'yan nahiyar ba su da yawa a cikinsu. Maganar ta wuce rabon kujeru. Wanda ke jin Swahili ko Larabcin Darfur yakan ji abin da tafinta zai zubar a hanya, kuma ya san yadda zinare ke tsallaka iyaka ba takarda.

Matsalar tana cikin hanyar naɗi. Sakatariyar Majalisar na ajiye jerin sunayen masu cancanta, tana neman ƙasashe su miƙo mutane, amma gwamnatoci da yawa ba sa amsawa. Aikin kuma na kwantiragi ne na kimanin shekara guda. Jami'in kwastan ko mai binciken kuɗi da ke da aikin dindindin ba ya saurin barinsa saboda wannan. Ko Babban Sakatare ya zaɓi mutum, ƙasa ɗaya cikin 15 na Kwamitin Sulhu tana iya riƙe sunansa, domin sai bakin kowa ya zo ɗaya. Rasha ta yi haka a 2021 ga tawagogin Kwango, Mali, Sudan ta Kudu da Afirka ta Tsakiya, tana cewa babu daidaito tsakanin yankuna. Ƙorafin na da ƙamshin gaskiya, amma bincike ne ya tsaya na watanni. A Agusta 2023 kuma Rasha ta hau kujerar na-ƙi, takunkumin Mali da tawagarsa suka ƙare gaba ɗaya.