Sifirin da ke cikin abin jan igiya ba shi ke tayar da injin ba

Mutane da yawa sun daɗe suna ɗauka cewa sifirin da ke naɗe a cikin murfin janareta ko injin ban ruwa shi ne yake juya injin idan an ja igiya. Ba haka ba ne. Ƙarfin hannun mai ja shi ke juya injin: igiyar tana juya faifai, wasu ƙananan ƙugiyoyi su fito su kama jikin injin, fistin ya matse iska da fetur har fulogi ya ba da wuta. Aikin sifirin kawai shi ne mayar da igiyar ciki bayan an sake ta, shi ya sa idan ya karye igiyar take zama a waje alhali injin lafiyarsa ƙalau.

Akwai dai wata na'ura daban wadda sifirin ke tayar da injin da gaske. Ana murɗa hannunta a hankali har sifirin mai ƙarfi ya matsu, sannan a saki maƙulli ya juya injin lokaci guda. Ana sa irinta a injinan dizal na jiragen ruwan ceto, inda ba a son dogaro da batir.