Ajin Intanet a Tsakanin Hausawan Sudan

Ajin intanet shi ne haɗuwar malami da ɗalibai ta waya ko kwamfuta, inda ake ba da darasi, a yi tambaya, a karɓi aiki, ba tare da an zauna a ɗaki ɗaya ba. Bambancinsa da tura karatu kawai shi ne ɗalibai su san juna, su riƙa amsa wa juna, har a lura idan wani ya ɓace. Wannan sanayyar ce ta fi wuyar ginawa ga malaman da ke koyar da Hausawan Sudan, mazauna Mai Wurno, Sannar, Damazin, Gadarif, Kassala da sauran garuruwa.

Yadda buƙatar ta taso

Karatu daga nesa ya girmi yaƙin da ake ciki. An kafa Buɗaɗɗiyar Jami'ar Sudan a 2002, annobar korona ta 2020 kuma ta tura makarantu gwada darasi ta waya. Amma yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF shi ya mayar da abin dole. A Oktoban shekarar, UNICEF ta ce yara kusan miliyan 19 ba sa zuwa makaranta. Makarantu da yawa sun koma matsugunin 'yan gudun hijira, ajin da a da yake unguwa ɗaya ya watse, wasu a Port Sudan, wasu a Masar, Chadi, Saudiyya ko Nijeriya.

Sabis, wuta da data

Kamfanonin waya uku ne ke riƙe da ƙasar: Zain, MTN da Sudani. A Fabrairun 2024 dukansu sun ɗauke a yawancin yankuna, mutane suka koma biyan kuɗin awa a wuraren da aka kafa Starlink, intanet na tauraron ɗan adam. Tun kafin nan an taɓa rufe intanet sama da wata guda a tsakiyar 2019, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Oktoban 2021. A Yulin 2025 kuma hukuma ta taƙaita kiran murya da na bidiyo a WhatsApp, saƙon rubutu da na murya ne suka rage.

Saboda haka ajin da aka ɗora kacokan kan darasin kai-tsaye ba ya daɗewa. Awa ɗaya ta taron bidiyo tana iya cinye kusan gigabait guda, alhali saƙon murya na minti biyar ba ya wuce megabait ɗaya. Zoom na kyauta yana yankewa bayan minti 40, kuma ba duk wanda ya fita ne yake dawowa ba. Abin da ya fi ɗorewa shi ne a yanka darasi gida uku ko huɗu, kowane saƙo minti uku zuwa biyar, a sa masa lamba da suna, a haɗa da hoton shafin da ake karantawa. Ɗalibi ya sauke lokacin da ya samu sabis da caji, ya amsa cikin kwana biyu. Taron kai-tsaye sai ya zama na mako-mako, a naɗe shi don waɗanda ba su samu ba.

Harshe da rubutu

Wannan matsala ce da malamin da ya taso a Kano ko Zinder kan manta da ita. Bahaushen Sudan da Larabci ya yi makaranta, allon wayarsa ma na Larabci ne. Yana jin Hausa a gida, amma rubutun boko da ƙ, ɗ da ɓ baƙo ne a wurinsa. Idan aka cika zauren WhatsApp na ajin da dogon rubutun boko, sai ya yi shiru, malam ya ɗauka rashin himma ne. Gyaran shi ne bayani ya zo da murya cikin Hausa, sanarwa a rubuta ta a taƙaice da Larabci da boko, a kuma bar kowa ya amsa da abin da ya fi masa sauƙi.

A karatun Alƙur'ani akwai ƙarin lura. Ruwayar Duri ce ta gargajiya a yawancin halwowin Sudan, wato makarantun allonsu, Warshu a ƙasar Hausa, manhajojin waya kuwa galibi Hafsu suke ɗauke da ita. Dole a tsayar da ruwaya ɗaya ga kowane rukuni tun ranar farko, in ba haka ba ɗalibai su yi ta gyara wa juna abin da ba kuskure ba ne. Gyaran maharijul hurufi kuwa sai an ji juna sarai, don haka biyawa ta fi kyau ɗaya bayan ɗaya.

Shirun ɗalibai

Zauren WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024, amma yawan jama'a ba ya haifar da aji. Idan aka yi yawa, mutum biyar ko shida ne ke magana, saura 'yan kallo. Akwai kunyar yin kuskure a gaban manya, akwai ladabin da ke hana ɗalibi yi wa malam tambaya a bainar jama'a, ga matan da ba za su saki muryarsu ko lambarsu cikin baƙin maza ba. Gidaje da yawa waya ɗaya suke da ita, tana hannun maigida har dare.

Maganin da ya fi aiki shi ne tsarin da makarantar allo ta daɗe da shi, inda babban ɗalibi ke biya wa ƙanana. A raba aji rukuni-rukuni na mutum takwas zuwa goma sha biyu, kowanne da mai kula, mata da tasu. Babban zaure a kulle shi sai malam da masu kula, don kada gaisuwa, sanarwar rasuwa da labaran yaƙi su binne darasi. Waɗannan a ba su zaurensu daban, kada a hana su, domin mutanen da suka rabu da danginsu suna buƙatar wurin jajanta wa juna. Wanda aka yi mako ba a ji shi ba a neme shi a keɓe, a fara da tambayar lafiyarsa kafin a tambayi aiki. Gardamar siyasa da ƙabilanci kuwa a hana ta a rubuce tun farko, saboda tana tarwatsa aji cikin dare ɗaya.

Lokaci da ladan malam

Agogon Sudan yana gaban na Nijeriya da awa ɗaya, yana bayan na Saudiyya da awa ɗaya. Hutun mako a Sudan da Saudiyya Juma'a da Asabar ne, a Nijeriya Asabar da Lahadi, wato Asabar ce ranar da ta haɗa kowa. A yankin Gadarif halarta kan ragu lokacin girbin riɗi da dawa, gara a sassauta jadawali a waɗannan makonni. Kuɗin wata, inda ake karɓa, yawanci ta manhajar banki ta Bankak yake bi, wadda ita ma sai da sabis, don haka ana ba iyaye wa'adin makonni maimakon rana guda.