Rahoton kuskure a ɗakin tiyata ba tonon asiri ba ne

A Kano, da an ji an rubuta rahoto a ɗakin tiyata, sai ka ji ana cewa "an kai ƙarar wane." An daɗe ana ɗauka cewa likitan sa barci ba ya kuskure sai in bai iya aiki ba, don haka rufa masa asiri ne zumunci. Sam ba haka ba ne.

A 1978, Jeffrey Cooper da abokan aikinsa a Boston ta Amurka sun bi diddigin matsaloli 359 na aikin sa barci da za a iya kauce musu. Kashi 82 cikin ɗari kuskuren ɗan Adam ne, ba lalacewar na'ura ba. Sirinji biyu masu kama da juna a faranti ɗaya, hannu ya ɗauki wanda ba shi ba. Tiyon numfashi ya zame ba a ankara ba. Ƙwararre ma yana faɗawa ciki, balle ƙarfe ukun dare, ya wuni a tsaye, ga an ɗauke wuta ana jiran janareta.

Rahoton kuskure, ko da majinyaci ya farka lafiya lau, shi ke sa a manna wa kowane sirinji takarda mai launi, a raba kwalaben da suka yi kama, a gyara jadawalin kwana. Sau da yawa ko sunan wanda ya yi kuskuren ba a rubutawa.