Insecure ba kishi kaɗai ba ne

A Najeriya kunnenmu ya saba da kalmar Turanci insecurity, wato rashin tsaro, a bakin 'yan jarida: 'yan bindiga a Zamfara, garkuwa da mutane a hanyar Abuja zuwa Kaduna. Shi ya sa da yawa in suka ji an ce wane insecure ne, sai su ɗauka rayuwarsa ce ke cikin haɗari. Wasu kuma, musamman a Facebook, sun mayar da kalmar kishi zalla.

Duk sun kauce. In mutum ake siffantawa, ana nufin wanda bai yarda da kansa ba, kullum zuciyarsa na raya masa bai kai ba. Kishi alama ɗaya ce kawai. Mijin da ke binciken wayar matarsa da tsakar dare yana iya shiga ciki, haka ma ogan da ke danne ƙaramin ma'aikaci don kada tauraronsa ya haska, da mai cika baki a majalisa wanda ba ya jure a gyara masa magana. Sau da yawa mai fankama ya fi mai kunya fama da wannan matsala, kuma nan ne mutane ke ruɗewa.

Tushen kalmar Latin ne, securus, wato marar damuwa, sai "in" ta shigo gaba ta juya ma'anar.

In kuwa abu ake nufi, batun tsaro na nan daram: ƙofar da sakatarta ta lalace, aikin da za a iya sallamarka gobe, ko shafin intanet marar https (alamar tsaro a farkon adireshin shafi), irin wanda manhajar shiga intanet ta Chrome ta fara yi wa tambarin gargaɗi gaba ɗaya a 2018.