Waiwaye: tun yaushe ake koyar da ladabin muhawara?

Duk lokacin da bidiyon wata muƙabala ya karaɗe Facebook da TikTok, sai tsohuwar magana ta dawo: me ya sa wanda ya yi shekara huɗu a jami'a ba ya iya bambance hujja da zagi? Wasu na cewa a sa darasin nazarin muhawara cikin manhaja. Wasu kuma su ce ai ɗalibai suna yin mantiƙi, wato ilimin ƙa'idojin kafa hujja, tun a shekarun farko, me ya tsinana musu? Abin da ke damuna shi ne yadda ake yin maganar kamar jiya aka fara ta.

Labarin da aka saba bayarwa a aji sananne ne. Aristotle ya yi rubutu kan mantiƙi da jayayya da fasahar jawabi tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Daga nan sai a yi tsalle zuwa 1958, shekarar da Stephen Toulmin a Ingila, da Chaïm Perelman da Lucie Olbrechts-Tyteca a Beljiyam, suka fitar da littattafan da suka maido da hankalin masana kan hujjar da mutane ke kafawa a kotu da majalisa. A 1978 aka yi taron farko kan mantiƙin yau da kullum a Windsor ta Kanada, a 1986 kuma aka fara babban taron masana fannin a Amsterdam.

Tsallen nan ne ba na yarda da shi, domin a tsakiyarsa akwai wani malami da ba kasafai ake ambatonsa ba. Wajen ƙarshen ƙarni na 13, Shamsuddin as-Samarƙandi ya tattara ƙa'idojin jayayyar da malaman fiƙihu da na tauhidi ke amfani da su, ya mai da su fanni guda da zai yi aiki a kowane ilimi. Fannin ne ake kira adabul bahasi wal munazara, wato ladabin bincike da muhawara. Makarantun Daular Usmaniyya sun yi ƙarnoni suna karantar da shi.

Tsarin ya raba aiki. Akwai mai da'awa, wanda nauyin kawo dalili ke wuyansa, akwai kuma mai tambaya. Tun kafin a fara, in magana ka ɗebo daga wani, ingancin naƙalin za a nema a wurinka. In kuwa taka ce, to kawo dalili. Shi mai tambaya ƙofa uku kacal aka buɗe masa. A ce wani ya ce takin zamani ya fi na gargajiya, tunda gonar da aka zuba shi ta fi yabanya. Mai tambaya zai iya cewa bai gamsu cewa takin ne ya jawo ba, a tabbatar masa ba damina ce ta yi kyau ba. Zai iya nuna wata gonar da aka zuba takin amma ba ta yi albarka ba, wato dalilin ya samu, sakamakon bai biyo ba. Ko kuma ya kawo nasa dalilin da ke tabbatar da akasin maganar. In ya bar tambayar da yake yi ya hau kafa hujja a inda ba hurumi nasa ba, malaman fannin suna kiran wannan ƙwace. In ya musanta abin da kowa ke gani ƙuru-ƙuru, wannan taurin kai ne, kuma zaman ya tashi daga neman gaskiya.

Wanda ya karanta aikin masana nazarin muhawara Frans van Eemeren da Rob Grootendorst na Amsterdam zai ga kama. Su ma muhawara a wurinsu zama ne na mutum biyu, mai matakai huɗu da ƙa'idoji goma, kuma kuskuren hujja shi ne karya ɗaya daga cikin ƙa'idojin. Mu ma ba baƙi ba ne a nan. Shehu al-Maghili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi musayar baitoci da Imam as-Suyuɗi yana kare halaccin karanta mantiƙi.

Na taɓa zama kusa da wani ɗalibi daren jarrabawa, yana cika jadawalin mantiƙi na P da Q, haruffan da ake sa wa a madadin jimloli, yana haddar sunayen kurakuran hujja da Latin. Ya ci jarrabawar da maki mai kyau. Amma a tsawon zangon nan babu ranar da aka zaunar da shi gaban abokin karatunsa aka ce kai ne mai da'awa yau, shi kuma zai tambaye ka, kada ka katse shi sai ya kai aya.