Sankarar Mesoteliyoma Ba Taba Ke Kawo Ta Ba

Mutane da yawa sun ɗauka mesoteliyoma sankarar huhu ce ta mashaya taba. Ba haka ba ne. Tantanin da ya lulluɓe huhu take kamawa, kuma galibi ƙurar asbestos ce sila, irin wadda ke tashi in ana fasa tsohon silin. Bayan an shaƙi ƙurar, sankarar takan yi shekara 20 zuwa 50 kafin ta bayyana.

Ga likitan tiyatar ƙirji, wahalarta ita ce ba a dunƙule take ba balle ya yanke, shimfiɗuwa take yi kamar ɓawo. Ko dai ya ɗaye tantanin ya bar huhun, ko ya cire huhu ɗaya ɗungurungum. Duk da haka da wuya a kwashe ta tas, shi ya sa ake haɗawa da maganin sankara.